Takarda da Tafiyar Zane: Sharhi a kan Bugaggun Zanen Ado na Turai da Zayyanar Ƙasar Boɗinga da Shagari

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar saukar karatu a Boɗinga, ko Sifawa, ko Shagari, ya san allon zayyana. Ya ga yadda ake rubuta Fatiha da farkon Baƙara a tsakiyar allo, sa'an nan a kewaye rubutun da zane na ja da kore da rawaya. Idan kuma ya ɗaga ido ya dubi rigar malamin da ke biya wa mai sauka, da gafakar da ke rataye a kafaɗarsa, zai ga kusan dangin zane ɗaya ne ke yawo daga allo zuwa riga, daga riga zuwa fata. Tambayar da wannan takarda ke son amsawa ita ce: ta wace hanya zane ke tafiya daga hannu zuwa hannu, daga gari zuwa gari, har ya zama na kowa?

Masana tarihin fasaha na Turai sun daɗe da amsa wannan tambaya game da ƙasashensu. A ganinsu, bugaggun takardun ado na ƙarni na 15 da na 16, watau zamanin da suke kira na Farfaɗowa, su ne suka yi wannan aiki. Za mu fara da bayyana yadda abin ya kasance a can, sa'an nan mu auna shi da abin da ya faru a nan. Ra'ayin da za mu yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, aikin da injin ɗab'i ya yi a Turai, fallen takarda da riga da allo suka yi shi a ƙasar Sakkwato, amma sakamakon ya sha bamban. Wannan bambanci kuwa shi ne ma'aunin da ya kamata mu riƙe in za mu yi wa zayyanar yau hukunci na adalci.

2.0 Bugaggun Takardun Ado a Turai

Tun a ƙarni na 15 maƙeran zinariya na Jamus suka gane cewa in an sassaƙa zane a kan farantin jan ƙarfe, aka shafa masa tawada, aka danna takarda a kai, to ana iya fitar da ɗaruruwan kwafi daga faranti guda. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da manyan masu wannan aiki na farko suka fito daga gidajen ƙira. Martin Schongauer, wanda ya rasu a 1491, ɗan maƙerin zinariya ne, haka ma Albrecht Dürer na birnin Nuremberg. Israhel van Meckenem kuwa, wanda ya rasu a 1503, shi kansa maƙeri ne.

Takardar ado ba ta ba da labari, ba ta kuma koyar da karatu. Zane ne zalla na ganye, ko igiya, ko ƙulli, wanda mai sana'a zai saya da kuɗi kaɗan, ya kai shagonsa. Wani ya kwaikwaya da ido, wani ya bi layin da allura yana hudawa, ya ɗora a kan yadi ko katako, ya barbaɗa garin gawayi, zanen ya sauka. Da yake kayan aiki ne, yawancinsu sun yage a hannun masu su.

Manyan dangogin zane uku ne suka fi yaɗuwa ta wannan hanya:

(a) Adon kogo. Wajen 1480 aka shiga ɗakunan tsohuwar fadar Sarki Nero da ƙasa ta binne a Roma, aka tarar da bangaye cike da zanen tsirrai da dabbobi da halittu masu rabin jikin mutum. Raphael da abokin aikinsa Giovanni da Udine suka ɗauki salon suka ƙawata wani baranda a fadar Fafaroma, aikin da aka gama a 1519. Mutane kaɗan ne ke shiga wannan baranda, amma takardun da irin su Agostino Veneziano da Enea Vico suka buga sun kai salon ko'ina.

(b) Adon tsagin fata, watau zanen da ya yi kama da fatar da baduku ya tsaga ta nannaɗe. Rosso Fiorentino ya yi shi a fadar Fontainebleau ta Sarkin Faransa a shekarun 1530, Antonio Fantuzzi ya buga shi a shekarun 1540. A birnin Antwerp, inda Hieronymus Cock ya buɗe maɗaba'arsa a 1548, Cornelis Floris da Hans Vredeman de Vries suka sake masa fasali, har ya isa hannun maginan Ingila waɗanda ba su taɓa taka ƙasar Faransa ba.

(c) Adon Musulmi, wanda suka kira moresko. Wannan ya shigo musu ne ta birnin Benis, wanda Larabawa ke kira Bunduƙiyya, a jikin tasoshin tagulla da bangon littattafai da ake kawowa daga Masar da Sham. Francesco Pellegrino ya buga littafi guda na irin wannan zane a Paris a 1530, Thomas Geminus ya buga nasa a Landan a 1548. Tun kafin su, wajen 1507, Dürer ya sassaƙa ƙulle-ƙulle shida a katako, yana bin wasu zane da ke ɗauke da sunan Leonardo da Vinci.

Abin lura a nan guda biyu ne. Na farko, bugu ya raba zane da abin da aka fara yin sa a kai. Abin da aka gani a bango ya koma takarda, daga nan ya faɗa kan akushi, ko takobi, ko mayafi. Na biyu, bugu ya liƙa wa zane sunan mai shi, domin da yawa daga masu sassaƙa faranti sukan sa harufan sunansu a gefe.

3.0 Takarda Mai Jinjirin Wata Uku

Wani zai ce, ina ruwan Boɗinga da waɗannan Turawa? To akwai zare guda da ya haɗa su, shi ne takarda.

Alessandro Paganino, wanda ya yi aikin ɗab'i a garin Toscolano na arewacin Italiya, ya buga littattafan zanen surfani domin mata masu ɗinki. Shi ne kuma, tare da mahaifinsa, ya buga Alƙur'ani na farko da harufan inji a Benis tsakanin 1537 da 1538. Bugun ya cika da kurakurai, bai karɓu ba, ya ɓace har sai da Angela Nuovo ta gano kwafi ɗaya a wani ɗakin karatu na Benis a 1987. Shi kuwa kwarin Toscolano, da sauran garuruwan ƙasar Benis, sun yi suna wajen yin takarda domin kasuwannin Musulmi. Sukan sa mata alama a cikin jikinta, wadda sai an ɗaga ta ga haske ake gani: jinjirin wata uku a jere. A ƙarni na 19 takardar gidan Galvani na Pordenone ita ta fi yawa a wannan ciniki. Ta Tarabulus da Alƙahira take bi, ta ratsa Sahara a kan raƙuma, ta sauka Kano da Katsina da Sakkwato.

Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya kuma bi ta Boɗinga a 1853 a kan hanyarsa daga Sakkwato zuwa Gwandu, ya ambaci wannan takarda mai wata uku a cikin kayan kasuwar Kano, ya ce da ita ake naɗe tufafin da aka yi a ƙasar. Ke nan tun a kasuwa takarda da tufafi tare suke tafiya.

Sai dai dole mu yi hattara. Takardar Italiya ta iso mana fara fat. Ban da jinjirin watan nan, ba ta zo da wani zane ba. Duk wanda ya duba zayyanar Alƙur'anan ƙasar nan ba zai ga adon kogo ba, ba kuma zai ga lanƙwasassun ganyen moresko ba. Abin da zai gani shi ne da'ira, da murabba'i, da saƙa, da ƙulli. Saboda haka ba mu yarda da masu gaggawa ba, waɗanda da zarar sun ga dagi ya yi kama da ƙullin Dürer sai su ce wani ya ara daga wani. Ƙullin da ba shi da farko ba shi da ƙarshe tsohon abu ne. Akwai shi a daɓen gidajen Romawa, da littattafan Ƙibɗawan Masar, da sassaƙar Yarabawa, da saƙar mutanen Kuba na Kwango. Kama da wane ba ta wane, in ji Hausawa.

In aka jera su biyu ma, bambancin a fili yake. Ƙullin Dürer farin zare ne siriri a kan baƙin faifai, ya sarƙe har ido ya gaji bai kai ƙarshensa ba. An yi shi ne don a riƙe a hannu a ƙura masa ido. Dagi kuwa mahaɗarsa kaɗan ce, layinsa mai kauri, ana gane shi daga nesa. An yi shi daidai da allura, da wuƙar baduku, da yatsan magini a jikin ɗanyar ƙasa. Kowanne ya yi kyau a muhallinsa, kuma kuskure ne a ce ɗaya ɗanyen ɗaya ne.

4.0 Boɗinga da Sifawa: Fallen Takarda a Matsayin Iri

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa daga wajen 1810 zuwa 1815, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. A wannan lokaci ƙaninsa Malam Abdullahi yana zaune a Boɗinga, kusa da shi. Shekarun nan na rubutu ne da karantarwa. Ɗalibai na zuwa daga nesa, suna juyar littattafai, suna komawa da su Kano da Katsina da Zazzau da Bauci da Adamawa. Ba inji ko ɗaya, amma littafin da aka wallafa bana yana iya kaiwa ƙarshen daula kafin baɗi.

Abin da ya sauƙaƙa wannan shi ne siffar littafinmu. Ba a ɗinke shi. Fallaye ne a sake, kowanne da kalmar farkon na gaba a rubuce a gindinsa don kada jeri ya rikice, a haɗa su cikin tadarishi, a sa a gafaka. Saboda haka ana iya raba littafi guda ga mutum biyar su juya lokaci ɗaya, ana kuma iya ara wa mutum falle ɗaya tak. Wannan falle da ke fita shi kaɗai ya dawo, shi ne ɗan'uwan takardar adon Turai.

Amma gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗe ta ko da za ta rage wa hujjarmu armashi. Littattafan ilmi na shugabannin jihadi ba su cika ɗaukar ado ba, in ban da jar tawada a kan babi. Malam Abdullahi ya kira littafinsa na 1813 Tazyinul Waraƙati, watau ƙawata fallaye, amma da baitocin waƙa ya ƙawata su. A wurin waɗannan malamai magana ita ce ado. Inda zayyana ta sami gindin zama shi ne a Alƙur'ani, da kuma Dala'ilul Hairati na Jazuli, wanda ya rasu a 1465, inda akan zana Raula mai tsarki.

To bari mu dubi Alƙur'anin hannu da idon mai sharhi. An kasa shi izu 60, kowane izu sumuni 8, watau wurare 480 ke nan da ake bukatar alama a gefen shafi: ta izu, ta nusufi, ta rubu'i, ta sumuni. Ga alamar sujada. A cikin rubutun kuma ga alamar aya, ga kumsa a kan aya ta biyar, ga kuri a kan ta goma. Bayan haka akan yi babban zane, wani lokaci shafi guda cur, a farkon Littafin da kuma kan kowane kashi huɗu nasa, watau wajen A'arafi, da Maryam, da Sad. Waɗannan manyan zane sun fi kama da saƙar luru ko shimfiɗa, layi a kan layi, gida a cikin gida.

Ka'idar da ke tafiyar da wannan aiki ita ce: wuri da aikin alama a ƙayyade suke, amma siffarta a sake take. Dole alamar izu ta fi ta sumuni girma, dole ta zauna inda izu ya faɗa, domin gardi ya gane ta da kallo ɗaya. Abin da ke cikin da'irar kuwa na marubuci ne. Shi ya sa a Alƙur'ani mai kyau da wuya ka sami alamun izu biyu iri ɗaya. A nan gwaninta take. Marubucin da ya maimaita siffa ɗaya sau sittin ya cika sharaɗi, amma bai nuna hannu ba. Wanda kuma ya cika ƙawa har aka kasa bambanta rubu'i da nusufi, ya ɓata aikin da aka sa shi. Gwani shi ne wanda ya canza sau sittin, mai karatu kuma bai ruɗe ko sau ɗaya ba.

In haka ne, kowane Alƙur'anin hannu rumbu ne na ɗaruruwan ƙananan zane. Gardin da ya tafi gabas neman tilawa, watau ƙasar Barno wadda ta daɗe da suna a rubutun Alƙur'ani, yakan dawo da haddarsa, ya kuma dawo da abin da idonsa ya sha. A.D.H. Bivar ya bayyana wani Alƙur'anin Barno mai ɗauke da shekarar 1669, abin da ke nuna cewa wannan al'ada ta girmi jihadi nesa ba kusa ba. Jihadi bai ƙago zayyana ba. Abin da ya yi shi ne buɗe mata hanyoyi, da yawaita masu bin su.

5.0 Daga Takarda Zuwa Riga

Mun ce babban aikin bugu a Turai shi ne raba zane da abin da aka fara yin sa a kai. A nan mutum ne ya yi wannan aiki, watau mai zane. Kafin maɗinki ya sa allura a babbar riga, sai an kai ta wurin wanda zai zana mata aska da tambari da dagi, da alƙalami da tawada irin na makarantar allo. Galibi kuma malami ne ko almajiri, domin su ne hannunsu ya saba da alƙalami. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi nazarin wasu zanen surfani na takarda da aka samu a Kano, ya buga sakamakon a mujallar Savanna a 1972. Ke nan wasu masu zane sun ajiye samfuri a takarda, kamar takwarorinsu na Turai, illa dai nasu na hannu ne.

Colleen Kriger, a nazarinta na 1988 a kan rigunan daular Sakkwato, ta jawo hankali ga matsayin riga a sha'anin mulki. Da riga ake naɗi, da ita ake tukwici, da ita ake gaisuwa tsakanin sarakuna. Rigar da aka ɗinka a Kano ko Bida tana iya zuwa Sakkwato a matsayin gaisuwa, daga nan a ba wani hakimi, ya sa ta ranar Salla, duk maɗinkan garinsa su gani. Ta haka aska takwas da aska biyu suka zama sanannu daga Gwandu har Ilori. Riga ita ce bugaggiyar takardarmu, sai dai ita da ƙafa take tafiya.

Tsarin rigar kansa ya cancanci sharhi. Moresko na Pellegrino a kan daidaito ya dogara: in ka naɗe takardar biyu, dama za ta faɗa kan hagu. Aska takwas ba haka take ba. Nauyin aikin yana wajen aljihu, a hagun mai riga, askake suna zubowa ƙasa, sa'an nan tambari ya zauna shi kaɗai a dama don ya riƙe ma'auni, wani kuma a baya. Daidaito ne na nauyi, irin na kayan jaki, inda mangala biyu ba sai sun zama abu ɗaya ba muddin sun rinjayi juna daidai. Wanda ya auna rigar da ma'aunin madubi zai ce ta karkace. Wanda ya gan ta a jikin mutum, an naɗe hannuwanta a kafaɗa, ya san an zana ta ne don jiki mai motsi.

6.0 Da Inji Ya Iso

A ƙarni na 20 bugu ya shigo ƙasar nan sosai. An fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. A nan ne za mu iya gwada abin da masanan Turai suka faɗa, mu ga ko ya tabbata a kanmu. Za mu kawo misalai huɗu.

Na farko, dagi. Da Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna Ahmadu Bello ta ɗauke shi alama, aka shiga buga shi a takardu da tutoci da ƙofofi, sai siffa guda ta rinjayi sauran. Dagi iri-iri ne a hannun maɗinka da magina da dukawa, amma yau in ka ce wa yaro ya zana dagi, ɗaya zai zana. Ya sami ɗaukaka, ya rasa 'yan'uwansa.

Na biyu, hula. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Hotonsa da doguwar hula ya shiga jaridu da kalandu da bangon ofisoshi, har a kudancin ƙasar aka riƙa kiran irin wannan hula da sunansa. Abin da rigar naɗi kan yi cikin shekaru, hoto ya yi shi cikin watanni.

Na uku, bugun kasuwa na Kano. Maɗaba'un Kano sun bi wata hanya mai hikima: marubuci ya rubuta littafi da hannunsa, a ɗauki hoton shafin a buga. Sharif Bala Gabari na daga cikin waɗanda hannunsu ya fi yaɗuwa ta haka, kuma Andrea Brigaglia ya nuna a 2011 yadda wannan hanya ta sa rubutun Kano ya zama gama-gari. A ganinmu wannan shi ne mafi kusa da takardar adon Turai a tarihinmu, kuma ya cancanci yabo. Ya sa littafi ya yi araha, ya bar almajiri da rubutun da idonsa ya sani, ya kuma fito da sunan marubuci. Aibinsa ɗaya: inda hannun Kano ya cika kasuwa, hannun ƙananan garuruwa sai ya ja baya.

Na huɗu, Alƙur'anin Madina, wanda maɗaba'ar Sarki Fahad ta shiga bugawa tun tsakiyar shekarun 1980 da rubutun Usman Taha. Ba mai musun ingancinsa, ko alherin da ya kawo wa wanda da ba ya iya mallakar Alƙur'ani. Amma ta fuskar da muke magana, alamunsa na gefe siffa ɗaya ce daga farko har ƙarshe, adonsa na furanni ne irin na gabas, kuma wanda ya fi yawa a hannun jama'a na ruwayar Hafsu ne, alhali makarantun allonmu a kan Warshu suka ginu. Yaron da ya tashi da shi kaɗai bai taɓa ganin alamar izu ta canza ba, balle ya san cewa canzawar fasaha ce. Haka kuma keken surfani, da na kwamfuta da ya biyo bayansa, suna fitar da aska ɗari ba wadda ta saɓa wa 'yar'uwarta.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa bugu ba abokin gaba ba ne. A Turai takardun ado sun yi yawa, daga garuruwa da yawa, mai sana'a ya ɗebi nan ya ɗebi can ya haɗa nasa. Hatsarin da muke ciki shi ne na samfuri ɗaya tilo. Zayyanarmu ta rayu ne a kan canzawa cikin ƙa'ida, kuma duk abin da ya tsayar da ita a siffa guda ya taɓa jijiyarta.

Akwai kuma laifin da ke wuyanmu mu manazarta. Mun san sunan Dürer da shekarar da ya sassaƙa ƙullinsa, amma mu nawa ne a wannan zaure za su iya kawo sunan mai zayyana ɗaya daga Boɗinga ko Shagari? Mukan shiga ɗakin littattafai mu rubuta sunan mawallafi da farkon littafi da ƙarshensa, mu tsallake gefen shafi kamar ba kome a wurin. Saboda haka muna ba da shawara uku ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da Gidan Arewa na Kaduna, da duk mai hannu a wannan aiki.

Ta farko, in za a ɗauki hoton rubutun hannu, a ɗauki shafin gaba ɗaya har gefensa, da launinsa, a kuma ɗaga takardar ga haske a rubuta alamar da ke cikinta, domin ita ke taimakawa wajen kimanta shekarunta. Ta biyu, a zauna da alarammomi da masu zane da dukawa na wannan yanki, a rubuta sunan kowane zane da bakinsu, da wanda ya koya musu, da inda shi ma ya koyo. Ta uku, a buga littafin zayyana na ƙasar Sakkwato, mai ɗauke da hannu da yawa, kowanne da sunan mai shi, a sa masa kuɗin da almajiri zai iya biya.

Wani zai ce wannan littafi shi ma zai daskarar da zanen. Amsarmu ita ce, in ya ƙunshi alamar izu sittin daga hannu ashirin, abin da zai koya wa yaro shi ne cewa akwai ta sittin da ɗaya, kuma tasa ce. Fallayen suna nan a gafaka a gidajen malamai, gara da ɗamina suna cin rabonsu kowace shekara, masu sanin sunayen zanen kuma tsufa suke yi. Aikin na bana ne.